Jan Da Ya Ƙi Fita Daga Ƙwaryar Hansai

Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika har bakin gada, Saudatu ta fara ganinsa. Yana tsugune a Kara, inda ake cinikin shanu, hannunsa cikin bakin wani bijimi yana duba haƙora. Rigarsa kaki ce mai guga, bijimin kuwa ya zuba mata yawu daga kafaɗa har aljihu.

Dariya ta ƙwace mata. Ya ɗago kai.

"Mai nono, ni kike yi wa dariya ko bijimin?"

"Bijimin bai yi abin dariya ba, Malam."

Ya wanke hannu, ya sayi kindirmo, ya sha a tsaye. Ya daɗe riƙe da ludayin bayan ya shanye.

Sunansa Ja'afaru, ɗan Alhaji Isyaku na ofishin En'e. Ya yi karatun lafiyar dabbobi a Vom, can ƙasar Jos, ya dawo da takardar shaida da babur ɗin gwamnati mai farin akwatin magani a baya. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Kowane gida a layin ma'aikata ya sayi rediyo, wasu har da firji mai kananzir.

Saudatu 'yar Malam Labaran ce na Kausani, mai shanu kaɗan amma masu kyau. Mahaifiyarta Hansai tun kafin a haife ta take zama gindin tsamiyar tasha da ƙwaryarta. Direbobin hanyar Maiduguri sun san ta, matan ma'aikata su ma wurinta suke aike. Nono fari ne a kowace ƙwarya. Abin da ake saye a wurin mai nono shi ne yarda, Hansai kuwa tana da ita.

Ba a jima ba babur ɗin ya koyi hanyar Kausani. Bayan la'asar Ja'afaru zai jingine shi a ƙofar gida, ya gaida Malam Labaran, ya shafa wani maraƙi don kara, sannan ya zagaya bakin danga.

"Ɗan Vom, yau ma shanunmu ne ba lafiya?"

"Shanu ƙalau. Malaminsu ne ke ciwo."

"A yi masa allurar da yake yi musu."

"Ba ta kama shi, Saude. Maganinsa yana bayan danga yana yi masa ba'a."

Ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin gyalenta. Bai turo manya ba tukuna. Ya ce sai an tabbatar masa da aiki. Ita ma ba ta matsa ba.

Akwai wanda ya riga shi. Gwadabe, dillalin shanu a Kara, ɗan Yelwa maƙwabciyarsu, ya taɓa kawo turmin atamfa, aka karɓa ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Yelwa ita ma nono take sayarwa, a ɗaya gefen tashar, inda rana ke bugu. Mutane kan je wurinta ne idan na Hansai ya ƙare.

Da sanyi ya shigo aka tura Ja'afaru Vom wani kwas. Ya dawo da ɗan kwali, an shimfiɗa ganye a ciki. Rabin abin da ke ciki ya ruɓe a hanya. Sauran jajaye ne, masu ƙamshin da Saudatu ba ta taɓa ji ba.

"Mene ne wannan? Tumatir mai ƙuraje?"

"Sitiroberi. A kan dutsen Jos yake yi, inda ake sanyi. Ciza ki ji."

Ta ciza. Tsami ya fara zuwa, zaƙi ya biyo baya.

"A can da madara muke haɗa shi," in ji shi. "Ki cire ganyen, ki murje su da sukari, ki bar su su yi ruwa. Ki ɗan ɗora a wuta, ki tace da ƙyalle. Amma ki bari ya huce sarai, madarar ma ta huce. In kika haɗa su da zafi tsinkewa za ta yi, ta zama gudaji."

"To ka kai gidanku a yi maka."

"Madarar gidanku nake so. Tun ranar da na sha kindirmonki nake tunanin haɗa su. Duk hanyar nan a cinyata na riƙo kwalin."

Washegari, bayan Hansai ta ɗauki babbar ƙwarya ta tafi Wudil, Malam Labaran ya kora shanu fadama, Saudatu ta hura gawayi. Ta murje 'ya'yan da sukari a kwanon sha. Ta ɗora a wuta har ruwan ya yi kauri, ɗaki ya cika da ƙamshi. Ta yage sabon ƙyalle ta tace. Madarar da ta rage daga tatsar asuba, ta riga ta dafa ta, ta ajiye a bakin randa.

Akwai langa a ɗakin, akwai kwanoni. Amma idonta ya tsaya kan ƙwaryar tatsa da ke rataye a ragaya. Hansai ta gaje ta wurin uwarta. Ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai madara, cikinta fari kamar auduga. A duk gidan ba abin da ya fi ta daraja, Saudatu kuwa abin da ya fi daraja take son miƙa masa.

Ta sauko da ita. Ta zuba jan ruwan a ƙasa, ta bi shi da madara, ta juya da ludayi. Farin ya koma ruwan hoda. Ta ɗanɗana, ta rufe ido. Ta ɗora faifai.

Sallamar Yelwa ta zo daga tsakar gida, ta zo aron maburgi. Kamar yadda ta saba, ba ta jira an ba ta ba, ta shiga tana dube-dube. Ta ɗaga faifan.

Ta daɗe tana kallo.

Duk wadda ta taɓa tatsa ta san madara mai wannan launi. Idan hantsar saniya ta kamu da ciwo, jini kan biyo madarar, ta fito ja-ja. Irin wannan rami ake haƙa mata a bayan gida, ba a gaya wa kowa.

"Wace saniya ce?" in ji Yelwa a hankali.

Magana ɗaya ta isa. Kwalin yana nan bayan randa. Amma faɗinta na nufin Saudatu ta gaya wa uwar Gwadabe cewa ta yi wa wani saurayi girki, saurayin da bai turo kowa ba, a ƙwaryar tatsar uwarta.

"Ba komai, Inna Yelwa."

"Uhm. Allah ya sawwaƙe," in ji Yelwa. Ta mayar da faifan, ta fita. Ta manta da maburgin.

Da yamma Ja'afaru ya sha a bakin danga, ludayi bayan ludayi.

"Saude, na Vom ruwa ne. Wannan ne na gaske."

"Ka shanye, kada a gani."

"Idan muka yi aure kullum za ki yi mini."

"Kullum za ka je Jos?"

"In kin ce in je."

Ba ta gaya masa zancen Yelwa ba. Ta so ko yammacin nan ɗaya ya wuce da daɗinsa.

Ta wanke ƙwaryar da ruwa, ta wanke da toka, ta dirje da yashi. Ja ya riga ya shiga cikin ƙwaryar. Da asuba Hansai ta sauko da ita za ta tatsa, ta kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Saudatu ta durƙusa ta faɗi komai.

Hansai ba ta ɗaga hannu ba.

"Wa ya gani?"

"Inna Yelwa."

Hansai ta nemi turmi ta zauna.

Magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a ta zagayo, tasha ta ji cewa shanun Labaran jini suke tsiyayarwa, Hansai kuma tacewa take yi ta kawo wa mutane. Ba wanda ya faɗa mata a ido. Direbobi suka riƙa gaishe ta daga nesa, su wuce gefen rana. Matan ma'aikata suka daina aike. Kullum Hansai kan dawo da ƙwaryarta cike, a kaɗa, a cire mai, a zuba wa maraƙa sauran. Ba ta yi wa Saudatu faɗa ba. Ta daina dai ce mata ta rako ta.

Malam Labaran ya ja bijimi ɗaya zuwa Kara don a samu na hatsi. Saudatu tana can da ƙaramar ƙwarya, ta ga yadda dillalai ke kewaye bijimin kamar rami. Ba wanda ya taya.

Ja'afaru ya ratso taron, ya duba bijimin, ya ɗaga murya.

"Jama'a, dabbar nan lafiyarta ƙalau. Na san garken duka. Ba mai ciwo ko ɗaya."

Gwadabe yana jingine da sanda, yana cin goro.

"Mun ji, Malam. To in ba mai ciwo, me babur ɗin gwamnati da akwatin magani ke yi a ƙofar gidan kullum yamma? Ruwa ba ya tsami banza."

Ja'afaru ya dubi Malam Labaran, ya dubi ƙasa.

"Zance nake zuwa."

Kara ta ɗauki dariya.

"Ashe suruki ne ke ba da shaida," in ji Gwadabe. "Allah ya ba da lada."

Malam Labaran ya kwance bijiminsa, ya ja shi gida cikin rana. A tsakiyar kasuwa ya ji cewa ana neman 'yarsa. Da ya iso bai zauna ba.

"Ki gaya wa ɗan Alhaji, in na sake ganin babur ɗinsa a ƙofata, ni da shi sai gaban alƙali. Ya ɓata mini shanu, ya ɓata mini 'ya. Ya isa."

Saudatu ta gaya wa Ja'afaru a kan gada, ruwa na wucewa ƙarƙashinsu, motoci na girgiza ƙarfen.

"Wannan ai jahilci ne," in ji Ja'afaru. "'Ya'yan itace ne da sukari. Mutane ba su san komai ba."

"Jahilcin nan shi ke saye a wurin Innata. Da shi aka raine ni."

"Ba haka nake nufi ba, Saude."

"Ka shekara nawa kana karatun shanu? Ba a koya maka yadda madara mai jini take ba?"

"An koya mini."

"Amma ba ka tuna ba."

"Ke nake tunani, ba saniya ba."

"Ni ma haka. Ga inda ya kai mu."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Bai bi ta ba.

Babur ya daina zuwa. Mutane suka ce ai ga shi nan, ya gama yi wa shanun magani. Gwadabe ya sake aiko da goro, da saƙon cewa shi ba ya ƙyamar gidan, kuma in an ba shi, bakinsa ya isa ya gyara sunan garken a Kara. Malam Labaran ya karɓi goron, ya ajiye bai ci ba.

Wata Lahadi da hantsi, rediyon maƙwabta na shirin gaishe-gaishe, muryar mai gabatarwa ta tsallako danga.

"Ja'afaru Isyaku, malamin dabbobi a Wudil, yana gaida Saudatu Labaran a Kausani. Ya ce a gaya mata ya yi kuskure a baki, bai yi a zuciya ba. Ya ce yana nan inda ta bar shi."

Duk Kausani ta ji. Malam Labaran ya tashi daga kan buzu ya fita ba takalmi. Saudatu tana surfe, ba ta dakata ba, amma taɓaryar ta riƙa kuskure tsakiyar turmi. Ta ji haushin Ja'afaru. Ta kuma maimaita maganar a ranta har yamma, kalma bayan kalma.

Abin da ya yanke mata shawara ba rediyo ba ne. Wata safiya ce ta ga Hansai ta gama shiri, ta naɗa gammo, ta ɗora ƙwarya, ta kai bakin zaure, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauke, ta koma ɗaki.

Ranar Saudatu ta tafi Wudil ita kaɗai, ta sami Ja'afaru a Kara.

"Ɗan Vom."

Ya juyo kamar wanda aka tasa daga barci.

"Ka samo mini tumatirinka. Kafin Juma'a."

"Lokacinsa ya kusa wucewa."

"Ka ce in na ce ka je, za ka je."

Ya je.

Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, tasha cike, Saudatu ta zauna gindin tsamiya a wurin uwarta. Ta ajiye kurfot na gawayi, da kwanon sha, da sukari, da ƙwaryar tatsa, cikinta a buɗe kowa na ganin jan. Hansai ta biyo ta ba don ta yarda ba. Ta zauna can gefe, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Saudatu ta murje, ta dafa, ta tace. Ƙamshi ya jawo mutane. Ta jira ya huce, tana fifita da faifai, ido sama da ɗari a kanta. Ta zuba farar madara. Ta juya. Launin ya fito.

Ta miƙe. Ta ɗaga murya.

"Wannan ne abin da Inna Yelwa ta gani a ɗakinmu. Ni na haɗa shi da hannuna, Innata ba ta sani ba. Malam Ja'afaru na yi wa. Shanun Baffana ba su da komai."

Ta ɗaga ludayi ta sha.

Wani tsohon direba, Maikano, wanda ya shekara da shekaru yana shan nonon Hansai kafin ya koma gefen rana, ya karɓa ya kurɓa. Ya lashe leɓe.

"Da daɗi. Kamar alewa." Ya dubi Hansai, ya kasa riƙe idonta. "Ki yafe mu, Hansai."

"Allah ya yafe mana duka," in ji ta, ba ta buɗe fuska ba.

Yelwa daga wurinta ta ce, "Ni abin da na gani na faɗa. Na tambaye ta, ta ce ba komai."

Gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya musa.

Sunan shanu ya wanku. Juma'ar da ta biyo aka sayi bijimin ba gardama. Amma tasha ta samu sabon labari: yarinyar da ta yi wa saurayi girki a ƙwaryar uwarta, ta kuma kira sunansa a bainar jama'a. Gwadabe ya aiko a mayar masa da atamfarsa.

Ciniki kuwa bai dawo ba. A makonnin nan matan ma'aikata sun koyi madarar gari ta gwangwani, wadda ba ta tsami, ba ta son aike, ba a kuma tambayar wace saniya ce. Direbobi wasu sun dawo, wasu kunya ta hana su. Hansai ta ƙara zuwa tasha kaɗan, sannan ta bar wa wata tsamiyar.

A gidan Alhaji Isyaku ma ba a yi guɗa ba. Mahaifiyar Ja'afaru ta ce ga 'yan makaranta birjik, sai 'yar talla da aka yi kallonta a tasha? Ja'afaru ya ce saboda shi aka yi kallon. Ya ƙi ci a gidan har Alhaji ya gaji, ya tura ƙannensa Kausani da goro da alewa.

Malam Labaran ya saurare su har suka gama.

"Ta riga ta ba da kanta a kasuwa, me ya rage mini in bayar? Na ba shi. Ba don na so ba. Ya riƙe ta amana."

Aka ɗaura aure bayan girbi. Ranar kai amarya, ana ta kai da kawowa a tsakar gida, Hansai ta kira Saudatu ɗaki. Ta sauko da ƙwaryar daga ragaya.

"Na sa toka, na sa yashi, na shanya ta a rana. Bai fita ba."

Saudatu ta fashe da kuka.

"Inna, na kashe miki kasuwa."

"Kin kashe. Kin kuma tsaya a inda ni ba zan iya tsayawa ba. Share idonki, kwalli zai zuba." Ta ɗora mata ƙwaryar a cinya. "Tafi da ita. A gidanki launin nan ba abin kunya ba ne. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai. Allah ya sa ya san abin da aka biya kafin ya same ki."

Gidan Ja'afaru a layin ma'aikata yake, ɗaki biyu da firji mai kananzir. Cikin kayan da danginsa suka jera akwai babban gwangwanin madarar gari. Da gari ya waye Saudatu ta nuna shi da baki.

"Ɗan Vom, wannan ba zai kwana a gidana ba."

"To da me za mu sha shayi, amarya?"

"Kana da babur."

Tun daga ranar, kowace safiya babur ɗin kan kama hanyar Kausani, ba akwatin magani a bayansa, sai ƙwarya mai jan ciki ɗaure da ƙyalle. Hansai ba ta fitowa, suruka ba ta haɗa ido da suruki. Ja'afaru zai ajiye ƙwaryar a zaure, ya gaisa da bango, ya fita waje ya jira. In ya dawo zai tarar da ita cike, an rufe da faifai. Kuɗin da ya bari a ƙarƙashin faifan kuwa, yana nan yadda ya bar shi, ba a taɓa ba.

Shi kaɗai ya rage wa Hansai cikin masu zuwa, shi ma ba ta iya sayar masa.

Yakan kawo madarar gida a hankali, yana kauce wa ramuka. Saudatu ta tare shi a ƙofa, ta karɓa da hannu biyu.

"Ta ce wani abu?"

"Na ji ta daga ciki. Ta ce Allah ya yi mana albarka."

"Amin," in ji Saudatu. Ta buɗe faifan. Madarar fara ce sol, jan yana can ƙasa inda ba a gani.